Munsharin tsoho ba kullum ne barci mai daɗi ba

Aikin dare a asibiti ya koya min abin da ba mu tsaya a kansa sosai ba a makarantar infirmiye ta koyon aikin jinya, wato likita da rana yake ganin tsoho, ya yi wanka ya kafa hula yana cewa lafiya lau alhamdulillahi, alhali abin da ke cin sa da dare yake zuwa lokacin da ba kowa sai mai jinya. Mu nan Garwa in tsoho na munshari sai a ce ku bar shi gajiya ce, yara ma har kwaikwayonsa suke ana dariya. Wani munsharin kam ba komai, amma akwai wanda za ku ji yana ja yana ja sai ɗif, ƙirji na motsi iska ba ta shiga, can kuma ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga Binuwai, ya juya ya ci gaba, da safe ku tambaye shi wallahi bai san an yi ba.

Abin da ke faruwa shi ne in barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki, harshe ya zame baya ya toshe hanya, oksijin na jini ya sauka, sai ƙwaƙwalwa ta zabura ta ɗan farkar da mutum ya ja numfashi. Likitoci na kiransa apne, suna lissafa shi ne in numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, in ya haura 30 ya yi tsanani. Ku duba fa, mutum a farkar da shi sau 30 duk awa har asuba, ta yaya ba zai yi gyangyaɗi a masallaci ba ko ana tsakiyar hira, ga ciwon kai da safe, baki a bushe, fitsari a kai a kai cikin dare, mantuwa da saurin fushi, mu kuma mu tattara duka mu ce tsufa ne. Wasu ma cewa suke dannau ne a nemo rubutu. Addu'a dai ba ta ɓaci, amma zuciya na shan wahala a ɓoye, tansiyo, wato hawan jini, ya ƙi sauka ko ana shan magani kala-kala, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru.

Haka Innarmu ta yi ta fama da tansiyon da ya ƙi jin magani, kuma wadda ta fasa ƙwan jikarta ce da ke kwana ɗakinta, yarinya ƴar firamare, ta ce min "Anti, Inna fa tana mutuwa da dare sai ta dawo". Tun daga nan duk tsohon da aka kawo mana da tansiyo mai taurin kai tambayata ta farko ita ce wa ke kwana kusa da shi, don babban ɗa mai biyan ordonans, wato takardar magani, yawanci bai san komai ba, kunya ba ta barin ɗa ko ƴa su shiga ɗakin Baba da dare, matar da ke da girki ko jika su ne shaidu, su kuma ba a zuwa da su asibiti, in an zo da su ma ba sa buɗe baki gaban manya. Sai na ja su gefe. Nakan ce su ajiye waya kusa da matashi ta ɗauki sauti ko bidiyo na ɗan lokaci, da izinin tsohon dai, a nuna wa dokta, wannan ya fi dogon bayani.

Abin da ake iya yi a gida ba ya cin kuɗi sosai. Kwanciyar rigingine ita ta fi kawo shi, to a kwantar da shi ta gefe a tokare bayansa da matashi, a ɗaga wajen kai. Lokacin hunturu ƙura na toshe hanci abin ya ƙaru, a rage turaren wuta da hayakin maganin sauro a ɗakin, a sa gidan sauro. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin barci, tsohuwa ta ce ba ta samun barci sai a aika yaro wurin masu tallan magani ya sayo diazepam ko tramol, su kuwa ƙara sakin maƙogwaro suke su danne farkawar nan da ke ceton ta. Dan Allah kar ku yi. Maganar ƙiba kuma, wadda ita ma ke ƙara toshewar, sai da dabara, yaya za ka ce wa mahaifiyarka ta rage tuwo, ni dai canza lokacin cin na yi da rage mai da sukari a shayi ban ce mata komai ba.

Maganin apne na asali wani inji ne, CPAP, a takardun Faransanci PPC, wani likita a Ostireliya Colin Sullivan ya fito da shi a 1981, yana hura iska ta hanci ya riƙe hanyar a buɗe. Yana aiki sosai, sai dai kafin nan ana buƙatar gwajin barci, wanda sau da yawa sai an nemi likitan huhu a Yawunde ko Duwala, ga tsada, ga ɗauke kuran, wato wutar lantarki, cikin zafin Afrilu, ga tsoho da zai ce shi ba a ɗaure masa fuska. Wanda Allah ya hore wa ya haɗa da batir ko sola tun farko, a kuma bar tsohon ya saba da abin fuskar da rana yana jin rediyo. Kwalbar oksijin ba ta maye gurbinsa, tunda hanya ce a toshe.

Amma in kun ga ƙafa na kumbura, ba ya iya kwanciya sai a zaune, yana tashi da haki da tari, ko leɓe ya canza kala, wannan ya fi kama da ciwon zuciya, ba na jiran safiya ba ne, a nemi mota a kai shi asibiti a daren.