Sana'ar Kindirmo Don Waɗanda Madara Ke Tayar wa Ciki

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, ni da 'yan mata ma'aikata kaɗan, muna yin kindirmo da fura. Yawancin masu sayen kayanmu mutane ne da suka daɗe da haƙura da madara, don da sun sha shayi mai kauri, kafin awa 2 ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, wani har da gudawa.

Abin da ke jawo haka shi ne laktos, sukarin da Allah ya halitta a cikin madara. Hanjin jariri na fitar da sinadarin da ke narkar da shi, amma bayan yaye sinadarin yakan ragu a jikin kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen duniya. Fulani makiyaya da yawa nasu bai raguwa, shi ya sa za ka ga ɗan ruga ya kwankwaɗi ƙwarya guda lafiya lau. Kofi ɗaya na madarar shanu na ɗauke da laktos kamar giram 12.

Aikinmu duka a kan rage shi ne. Da sassafe ake kawo mana madara daga rugagen wajen gari. Mu tace, mu dafa ta kai maki 85 a ma'aunin zafi na Celsius, mu bar ta ta huce zuwa wajen 43, sannan mu zuba iri, wato abin da ke ɗauke da ƙwayoyin da ke sa madara ta kama, mu rufe. A nan haƙuri ke shigowa. Masu gaggawa na buɗewa da zarar ya kama, mu kuwa sai ya kwana ya yi tsami sosai, domin ƙwayoyin da ke cikin irin laktos ɗin suke ci. Kuma ba ma sake dafa shi bayan ya kama, don in ƙwayoyin suka isa hanji da ransu suna taya shi narkar da sauran. Wani kason mukan ɗaure a farin ƙyalle ruwan ya tsiyaye, laktos mai yawa ya bi shi, a sami kindirmo mai kauri da ake ci da cokali.

Abin da ke damuna a kasuwa shi ne yogot ɗin da ake lafta wa madarar gari don ya yi kauri, a cika sukari, a ƙi barinsa ya yi tsami. Madarar gari fiye da kashi ɗaya cikin 3 nata laktos ne. Mutum ya sha ya wahala, sai ya rantse ya bar nono har abada, alhali jikinsa na bukatar sinadarin ƙarfafa ƙashi da ke ciki.

Sabon mai saye nakan ce masa, "Alhaji, fara da rabin kofi, a dama da fura ko a sha bayan an ci abinci, kada a sha da wofin ciki." Man shanu kuwa kusan babu laktos a cikinsa, a zuba a tuwo ba fargaba. Amma wanda madara ke sa wa ƙuraje, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, nasa ciwon daban ne. Ba na sayar masa, asibiti nake tura shi.

Da rani madara na ƙaranci ta yi tsada, ga wuta ba tabbas, sai da muka haɗa wa firji sola. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, odar da muke karɓa mukan rage, tunda ba mu yarda mu cike giɓin da madarar gari ba.