Idan aka rufe suna ɗaya a cikin enum

A shagonmu na Sabon Gari, Zariya, muna rubuta manhajar na'urar da ke zaɓa wa gida inda zai ja wuta. Da harshen C muke aiki, kuma hanyoyin wutar a jere suke cikin enum, wato jerin sunaye da kowanne ke da lambarsa: KASHE, NEPA, JANARETA, SOLA. Kwamfaila, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa abin da na'ura ke ganewa, ita ce ke raba musu lamba, daga 0 zuwa sama.

Wani gidan ba janareta, sai a rufe JANARETA da #ifdef. Shi kuwa #ifdef share layin yake yi tun kafin kwamfaila ta gan shi, don haka a wurinta ba a taɓa yin wannan suna ba. Nan take GCC, kwamfailar da muke amfani da ita, za ta fara ƙorafi a duk fayil ɗin da ya ambace shi, musamman cikin switch, inda ake faɗin abin da za a yi wa kowane suna. Ɗaliban da ke zuwa mana horo daga Samaru kan tsorata da jan rubutun nan. "Oga, wallahi ban taɓa fayil ɗin nan ba!" Gaskiya ne, amma sunan da yake kira ne ya ɓace.

Wannan ƙorafin bai dame ni ba, tunda har lambar layi take faɗa maka. Wanda take yin shiru a kansa shi ne abin tsoro. SOLA da take 3 ta koma 2. Na'urar da ta riga ta ajiye 2 a EEPROM (ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta) da nufin janareta, da an sabunta manhajarta sai ta karanta shi a matsayin sola. Wadda ta ajiye 3 kuma ba ta da abin da ya dace da shi. C ba ta bincika wannan. Shi ya sa muke rubuta wa kowane suna lambarsa da hannu, idan an rufe JANARETA a bar 2 ba kowa. Muna kuma barin switch ba default (reshen da ke kama duk sunan da ba a ambata ba), domin -Wall, zaɓin da ke kunna gargaɗin GCC, ya tona mana sunan da aka tsallake.

Harshen D, wani harshen rubuta manhaja, ya bi wata hanya: @disable yana barin sunan da lambarsa a wurinsu, amfani da shi kawai yake hanawa. Ya fi tsari, sai dai manhajar da ke bin sunayen enum ɗaya bayan ɗaya tana iya yin tuntuɓe da wanda aka hana, ƙorafin ya ɓullo can cikin laburaren manhaja da ba kai ka rubuta ba.