Wasiƙa daga Leipzig: wai me ke hana su, tunda ba su yarda da Allah ba?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina lafiya, sai dai sanyi. Gaisuwar ta tsaya nan, don in na ce sai na bi kowa gida-gida, dare zai yi ban taɓo abin da ya zaunar da ni ba.

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini kamar bashi. Kawu ya yi ta a waya, ƙanwata ta turo ta a WhatsApp, wani abokina Kirista da muka yi sakandare tare a Kaduna shi ma ya yi ta da nasa salon. Wai waɗannan mutanen da ba su yarda akwai Allah ba, me ke hana su sata? Shaiɗan yana raya musu abu yadda yake raya wa Kirista ko Musulmi, ko kuwa ya gama da su ya tafi hutu? Na yi alkawarin amsa wannan, da batun abinci, da yadda ake aure a nan. Bari mu ga inda za mu kai.

Sai na fara da takarda, domin a Jamus addini ma ta takarda yake shiga. Duk wanda ya tare a gida, doka ta ba shi kwana 14 ya je ofishin rajistar mazauna ya rubuta sunansa. Ba a zuwa haka kawai, sai an ba ka rana, kuma sai ka riƙo shaidar mai gida cewa da gaske a ɗakinsa kake kwana. Ni na manta wannan shaidar, na koma cikin dusar ƙanƙara, na sake jiran wata ranar. Da na zauna a karo na biyu, ma'aikaciyar ta kai wani gurbi ta ce, addini? Na gyara zama na ce Musulunci, da ƙarfi, kamar mai shirin wa'azi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ashe ba imanina take tambaya ba, haraji take tambaya. Wanda ya ce shi Katolika ne ko Furotesta, gwamnati ce da kanta take cire masa harajin coci daga albashi: kashi 9 cikin ɗari na harajin da yake biya, a jihohin Bavaria da Baden-Württemberg kuma kashi 8. Masallatai ba sa cikin wannan tsari, don haka ta jefa ni layin waɗanda ba a cire wa komai. Wato a kundin gwamnatin Jamus, ni da mulhidi, wanda bai yarda akwai Allah ba, layinmu ɗaya. Kawu, kada ranka ya ɓaci, sallata na nan.

Fita daga coci ma sai da takarda. Mutum ya nemi rana, ya je da katin shaida, ya biya kuɗin ofis, a buga masa hatimi cewa daga yau ya fita. A 2022 kaɗai Katolika fiye da 520,000 suka yi haka, Furotesta kusan 380,000. Wasu imanin ne ya tafi, wasu fushi da coci ne, wasu kuma lissafin albashi. Shi ya sa ba kowane wanda ya fita ne mulhidi ba, ba kuma kowane mai biya ne yake taka ƙofar coci ba.

Nan inda nake kuwa abin ya girmi haraji. Leipzig tana cikin tsohuwar Jamus ta Gabas, wadda 'yan kwaminis suka mulka daga 1949 zuwa 1990, suka yi ta janye yara daga coci har aka samu jikoki da kakanni da ba su taɓa addu'a ba. Yaro in ya kai shekara 14 ana yi masa wani bikin shiga sahun manya da babu limami babu fasto, har yau ana yi. Mafi yawan mutanen garin ba su da addini, kuma ba gardama suke yi da kowa ba, abin ne bai dame su ba. Abin mamakin, daga cocin Nikolai na tsakiyar garin nan ne aka fito ranar 9 ga Oktoba 1989, mutum kusan 70,000, aka yi tattakin da ya karya ƙashin bayan wancan mulki.

To, su waɗannan mutanen ne suke shiga taragon cikin gari da babu kwandasta a ƙofa, su sayi tikiti da kansu. Ban ce duka ba. Akwai masu shiga a ɓagas, in an kama mutum yuro 60 ne. A wajen gari kuma na ga gonar furanni babu mai gadi, sai wuƙa a rataye da akwatin ƙarfe mai ƙaramar huda, farashi a rubuce a allo. Ka yanka, ka ƙirga, ka jefa. Ranar da na fara tsayawa a gaban akwatin nan na duba gabas na duba yamma, sai na ji kunyar dube-duben da na yi.

Amma ba a gonar furanni na sami amsar ku ba. A aikin dare na same ta. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Tsohon da ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi lokaci-lokaci, in ba haka ba fatar bayansa ta ɓare ta zama gyambo, kuma duk juyi sai ka sa hannu a takarda. Ƙarfe uku na dare, ƙafa ta yi nauyi, tsohon yana barci, biro yana hannunka, ba mai ganinka. Jarabar kenan: ka sa hannu, ka koma kujera.

Abokan aikina biyu ne a yawancin dararen. Ɗaya mace ce 'yar Poland, Katolika ta gaske, da carbinta a aljihu. Ɗayan ɗan garin nan ne, ko suna ba a raɗa masa a coci ba. Na tambaye su, kowa daban, ko zuciya tana raya musu wannan abin. Dukansu dariya suka yi, irin ta wanda aka kama. Ita ta kira shi jaraba, ta ce kullum a addu'ar da Yesu ya koya musu suna roƙon kada a kai su cikinta. (Wannan layin ma an yi ta ja a kansa: a 2017 Paparoma Francis ya ce fassarar ba ta yi ba, tunda Allah ba ya tura mutum cikin jaraba, Faransawa suka canza tasu, bishop-bishop na Jamus suka ce tasu tana nan daram.) Shi kuwa ya ce babu wani Shaiɗan, wata dabba ce a cikin cikinsa, rabi alade rabi kare, haka Jamusawa suke kiran lalacin zuciya. Na ce mu son zuciya muke cewa. Na tambaye shi me ke tayar da shi daga kujera. Ya ce ya taɓa ganin gyambon bayan tsohuwa da idonsa, kuma wata rana shi ne zai kwanta a gadon. Ita ta ce Allah yana gani, sannan ta ƙara da cewa ita ma ta ga gyambon.

A iya ganina, abin da ke jan su iri ɗaya ne, kuma a yawancin darare duka biyun suna tashi su yi juyin. Inda suka rabu shi ne bayan an faɗi. Wani dare ita ta sa hannu ba ta juya kowa ba. Ranar Asabar ta je gaban limaminsu ta furta, ta dawo Litinin fuskarta a sake. Shi kuma wata asuba gajiya ta sa ya daka wa wani tsoho mai ciwon mantuwa tsawa. Washegari ya je ya durƙusa gefen gadon yana ba shi haƙuri. Tsohon ya dube shi yana murmushi, bai san ma me ake cewa ba. Ya fi wata guda yana maimaita mini maganar nan a lokacin shan shayi. Ba shi da inda zai kai ta. Wanda ya yi wa laifin ba ya tunawa, sama kuma a wurinsa babu kowa.

Na tausaya masa ƙwarai, na kuma gode wa Allah da ya bar mana ƙofar tuba. Amma wani abu ya tsaya mini a rai, ban gaya wa kowa ba sai ku: ita, da ta sami sauƙin zuciya, ba ta koma ta gaya wa shugabar sashe cewa sa hannun nan na ƙarya ne ba. Ban zarge ta ba, laifi tudu ne. Ni kaina na tuna sau nawa na yi istigfari a kan dardumata alhali naira dubu ashirin ɗin wani tana wuyana tun kafin in bar gida, mu da malamai suka karantar da mu cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe. Na tura kuɗin a makon nan. Mai su ya san kansa, ya yi haƙuri da jinkirin, ya kuma yi haƙuri da abin da naira ta zama a tsakani.

Kada a ɗauka ina cewa nan aljanna ce. Ana sace keke a garin nan kamar ba gobe, ana shan giya a titi da rana tsaka, kuma akwai tsofaffi a gidan da nake aiki da shekara ke zagayowa ba wanda ya leƙo su, 'ya'yan masu coci da 'ya'yan marasa coci duka. Wannan kam har yau na kasa haɗiye shi.

Batun abinci: burodi da dankali. Batun aure sai wani jiƙon, shi ma da takarda ake fara shi, kuma na gaji da takarda. Ga wata ambulan mai taga, irin ta wasiƙun ofis, can na hango a akwatin saƙo tun shekaranjiya, ban buɗe ba. Duk wanda zai taho, a ba shi kuka da daddawa, a ɗaure daddawar a leda uku, don maƙwabcina na sama yana da hanci.

Naku,
ɗan'uwanku a Leipzig