Takin da wake ke yi ba kyauta ba ne

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa da damina ya ga 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke manne a saiwa, wasu ma ɗauka suke cuta ce. To bakteriya ne a ciki, raizobiya, su ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abin da shuka za ta iya ci. Tun 1888 wani ɗan Holan, Beijerinck, ya ware su. Ni abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne wa ke biyan kuɗin aikin.

Don aikin na cin ƙarfi ba kaɗan ba, enzayim ɗin naitirojines, wato sinadarin da ke yin aikin a cikin bakteriyar, sai ya ƙona ATP 16 (ATP shi ne makamashin da ƙwayoyin halitta ke aiki da shi) kafin ya fasa ƙwayar naitirojin guda ɗaya tak. Ganye ne ke biya. Ya haɗa sukari da hasken rana ya turo ƙasa, amma fa bakteriyar ba sa cin sukarin haka nan, sai an sarrafa musu. Enzayim uku ke wannan aikin a cikin ƙullin: sukuros sintes shi ke fara fasa sukarin, can gaba PEP kaboksiles ya kamo iskar kabon da ke cikin ƙullin ya haɗa, sannan malet dihaidirojines ya ƙarasa abin ya zama malet, wannan malet ɗin shi ne tuwonsu, shi ake miƙa musu dare da rana.

Ga inda abin ya shafe mu. An gwada a waken soya, in ƙasa ta fara bushewa sukuros sintes na cikin waɗanda ke fara yin sanyi, sai sukari ya taru a ƙullin ba mai fasa shi, malet ya yi ƙasa, kamun naitirojin ya ja baya alhali ganye na nan kore shar kamar ba komai. Wato in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina asarar ta fara tun kafin ido ya gani. Haka in ka zabga wa wake yuriya da yawa, shukar sai ta rage ciyar da bakteriyar tunda ta samu naitirojin na banza. Gara supa wallahi, shi fosfaras ne a cikinsa, kuma ATP ɗin nan da fosfaras ake gina shi.

In kana son sanin ko ƙullin wakenka na aiki, tuge ɗaya lokacin da ya fara fure ka tsaga ƙullin da reza. In cikin ja-ja ne to ana aiki, wannan jan legimoglobin ne, shi ke riƙe oksijin kar ya lalata naitirojines. In ya koma kore ya gama nasa.