Abin da saiwar rawaya ta koya mini a wurin haɗa man shafawa

Sai da na fara aiki a wani ƙaramin wurin haɗa man shafawa na san cewa rawaya tsiro ce kafin ta zama sunan launi. A daji take fitowa, ba mai shuka ta. Da rani, bayan gobara ta cinye ciyawa, furenta ke ɓullowa dab da ƙasa tun babu ganye ko ɗaya. Masana na kiranta Cochlospermum tinctorium, kuma ana samunta tun daga Senegal har Sudan. Mu saiwar muke so. A busar, a daka, a zuba a man kaɗe mai ɗumi, a tace, sai man ya fito rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

Kuskurena na farko na gaggawa ne. Na cika wuta, sannan na jera man a kwalabe masu haske kusa da taga. Kafin wata ya zagayo launin ya koɗe. Sinadarin da ke ba ta launi dangin na karas ne, ba ya jure zafi da rana.

Na biyun shi ne har yau yake damuna. Wata rana aka kawo mana man da ya kwana biyu, ya fara canza wari. Na ce a ƙara rawaya, ai masu saye launi suke bi. Tsohuwar da ke kawo mana saiwar tana zaune a bakin ƙofa, ta shafa man a bayan hannunta, ta shinshina.

"'Yar nan, wannan ya tashi."

"Iya, ai idan ya sha rawaya ba mai ganewa."

"Fatar jariri za ta gane."

Kunya ta rufe ni, don na san yawancin masu sayen man nan masu jego ne. Mutane da dama sun ɗauka man kaɗe mai launi ya fi fari kyau, mu kuma masu sayarwa ba ma musu saboda ciniki. Alhali man ɗaya ne, ado kawai saiwar ta ƙara masa. A gargajiyance ana shan ta don shawara, amma wannan zancen masu magani ne, ban yarda a rubuta shi a jikin kwalbar man shafawa ba.

Tun daga ranar, duk man da aka sauke sai na shinshina shi yana farinsa kafin a taɓa turmi. Wancan tulin kuwa sabulun wanki muka yi da shi.