Fatsa a bakin Kogin Kaduna

Wani dattijo masunci ne ya koya min fatsa a Kogin Kaduna bayan ruwan damina ya ja baya, Allah ya saka wa Baba da alheri. Kayan ba tsada: sandar gora, zare, ƙugiya, 'yar dalma, sai guntun totuwar kara mai yawo a saman ruwa.

Auna zurfi ne aikin. Kana matsar da totuwar sama ko ƙasa har tanar da ka soka a ƙugiya ta kusa taɓa ƙasan kogi, sannan ka bar ruwa ya tafi da ita a hankali. Karfasa sai ta ɗan girgiza totuwar tukuna, tarwaɗa kuwa nutsar da ita take yi gaba ɗaya. A nan ake fizgewa.

Mai son farawa ya nemi gefen da ruwa ya lafa, da sassafe.