Kafin ka koma kasuwa sayen wani iyafulo

Ɗan ƙanwata ne ya zo gaishe ni da Corolla ɗinsa ƙirar 2004, ya buɗe bonet a ƙofar gida, idonsa na kan waya. Bai jima da canza iyafulo ba, 'yar na'urar nan mai auna iskar da ke shiga injin, da ke maƙale a bayan akwatin iyakilina (matatar iska), kuma tun daga ranar motar ta daina zama a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba. In ya taka totur lafiya lau, da ya ɗaga ƙafa a danja sai ta yi kakari ta mutu. Na tambaye shi abin da ya duba. Ya ce, "Kawu, ai jabu suka ba ni, kasuwar Ƙofar Ruwa zan tafi in sayo wani." Tiyon da ya kwance da hannunsa ko kallonsa bai sake yi ba. Raina ya ɓaci, don maganar da na taɓa yi ke nan, ba ragi ba ƙari.

Tawa Camry ce ƙirar 2003. Wutar cek injin ta kama, mota ta rage ƙarfi. Mai kwamfuta ya jona na'urarsa, ta nuna P0171, ya ce iyafulo ne. Ban tambaye shi ma'anar lambar ba. Ashe abin da take faɗa kawai shi ne iska ta yi wa fetur yawa a cikin injin. Ba ta ambaci sunan mai laifi ba. Na sayo sabo a kwali, mafi araha, tsohon kuwa na asalin motar na bar wa yaron gareji. Wannan kyautar har yau tana cina.

Washegari mota ta fara mutuwa a kowace mahaɗa. Muka canza filogi, muka wanke nozul, muka sa sabon famfon mai. Wani ya ɗaure wayar totur don silo ya hau, mota ta riƙa ihu a tsaye tana zuƙe fetur, in an kunna AC kuma ta mutu. Kuɗin makarantar yara na taɓa a wannan hidimar, na yi wa maiɗakina bayanin da ni kaina ban gamsu da shi ba.

Amma fa a yi min adalci. Mu a zamanin kafireta muka koyi tuƙi, inda sukundireba ɗaya ke gyara silo. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yanzu ƙwaƙwalwar mota ce ke auna fetur, kuma da rahoton iyafulo take aiki. Da motar nake neman abinci, ba ni da sararin ajiye ta a yi ta bincike. Mai kwamfuta kuma ya yi magana da tabbaci, wa zai yi masa gardama? Duk da haka na san gaggawata ce. Kullum ni ke cewa a canza, a canza, ina da uzuri.

Wani dattijon bakanike ne ya raba gardamar. Bai taɓa kwamfuta ba tukuna. Ya kunna motar, ya kasa kunne, ya kama baƙin tiyon da ya taso daga iyafulo zuwa bakin totur ya lanƙwasa shi. Injin ya mutu nan take. Ya cire tiyon ya juya min ƙasansa: tsaga ce a cikin ninkin robar, tsawon ɗan yatsa, gefenta ya yi ja da ƙura. Ya ce, "Alhaji, iyafulo mai gadi ne a ƙofa, wanda ya shiga ta gabansa kaɗai yake ƙirgawa. Wannan iskar ta katanga take haurowa."

Injin fetur na son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. A cikin iyafulo akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Yawan iskar da ke wucewa tana sanyaya ta shi ne awon da ake aika wa ƙwaƙwalwa. A silo iskar da injin ke ja kaɗan ce ƙwarai, don haka 'yar ɓaraka ta isa ta rikita lissafin. Tsagar tun farko ita ta kunna wutar. Zafi da shekaru sun busar da robar, mu kuma da muka fizge ta wajen canji muka ƙara buɗe ta. Ga bakin totur ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, cire batir da muka yi kuma ya goge gyaran da ƙwaƙwalwar ta saba yi don ta jure wa dauɗar. Sai da aka sa tiyo, aka wanke totur, aka bar motar ta yi zafi tana silo, sannan aka ga sabon iyafulon nawa ma awonsa ya gaza.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, samari, amma na san ku. Bidiyon minti ɗaya ya mai da kowa injiniya, babba na magana kuna latsa waya.

Kada ka yar da tsohon. In mota ta canza hali bayan canji, mayar da shi ka gani. Sannan ka bi duk inda hannu ya taɓa: zoben da ke ɗaure tiyo, ƙananan tiyoyin da ke jone da shi, robar da ke zagaye da iyafulon, da soket ɗin, ko ya shiga har ya yi ƙas. Cire soket ɗin ka tayar da motar. In ta fi zama daidai a haka, to zargi ya koma kan na'urar ko awonta. Lambar da ke jikin sabon ta dace da ta tsohon, kama a ido ba ta wadatar ba.

In ka je wurin mai kwamfuta, kada ka yarda da lamba kaɗai. Ya nuna maka awon iskar injin na aiki. Injin mai lita 1.8 da ya yi zafi, a silo, AC a kashe, yakan nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. In kuma ƙwaƙwalwa na ƙara mai sama da kashi 10 cikin 100 a silo, ƙarin ya ragu da an taka totur, iska ce ke sata.

Kada ku sayi ɗan Beljiyam, ba ku san wahalar da ya sha ba. Ko da yake, gaskiya, ɗan Beljiyam na asali ne ya zauna a motata har na sayar da ita. To ku sayi na asali, ko sabo ko tsoho, a hannun wanda zai karɓa in bai yi ba. Kuma ku daina kwance mota a ƙofar gida kuna bin waya, ku kai wa masu sana'ar. Amma ku tsaya a kansu, ku lanƙwasa tiyon da hannunku.

Kada a wanke wayar cikin iyafulo da fetur ko a goge ta da tsumma. Akwai feshin da aka yi dominta. Iyakilina kuwa, da hunturu ya shigo a canza shi. Busa shi da iskar falkinaiza na iya huda takardar, ƙurar da ta wuce kuma a kan wayar iyafulo take sauka.